Zaren da ke Tsintsiyar Hannun Buafan

Ruwan da ya fito daga cikin Tongsuk a safiyar nan kamar ruwan wankin shinkafa yake. Buafan ta ɗaga ledar da ruwan ya taru a ciki ta kara a hasken taga, ta juya ta, ta sake karawa, sai ka ce juyawar ce za ta sa ya washe. Idan lafiya ake, ruwan yakan fito garau, har ta hango zanen tafin hannunta ta bayan ledar. Yau ko yatsunta ba ta gani.

Mijin nata yana kwance a gadon katako, ya tattare riga zuwa ƙirji, tiyon da aka dasa masa a gefen cibiya yana reto. Ciwon sugan da ya cinye masa ƙoda ya dusashe masa ido, amma kunnensa ras yake. Ya ji shirun ya yi yawa.

"Tsohuwa, ya kuma ne?"

Ta ce ya kuma. Ya ce da ma ya sani, tun asuba cikin ke murɗa masa, ya danne ne don kada ta fara wannan kai-kawon nata kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai. Ta ƙulle ledar ta sa a bokiti mai murfi, ta hau saman gidan, wanda ke kan dirkoki, ta ɗebo masa kaya, ta sauko, ta tuna ba ta kashe wuta a murhu ba ta sake hawa, sannan ta leƙa ta shinge ta kira maƙwabcinsu mai a-kori-kura.

Lokacin da ƙodar Tongsuk ta daina aiki, asibitin lardi ya ba shi zaɓi. Ko a riƙa kawo shi gari ana jona shi da injin wankin jini, ko a dasa masa tiyo a riƙa wankin a gida: a zuba ruwan magani a cikinsa, ya jima ya tsotse dattin, a tatse shi a zuba sabo, haka daga safiya har lokacin kwanciya. Ya zaɓi gida ba tare da ya yi shawara da kowa ba. 'Yarsu Tui, da ke aiki a masaƙa a Bangkok, ta sa aka kewaye wani lungu a ƙarƙashin gidan da bulo, aka shafe shi da tayil, aka ja famfo. Buafan ta je ta koyi aikin. Abin da aka nuna mata ya zauna daram: a rufe taga, a kashe fanka, a ɗaura takunkumi, a cire zobe da awarwaro, a wanke hannu har gwiwa, kuma ko me za a yi kada wani abu ya taɓi bakin tiyo. Fiye da shekara tana yi ba a ga komai ba.

Sai bayan bikin sabuwar shekarar ƙasarsu, da zafi ya kai zafi, ruwan ya fara gurɓata. A kwantar da shi, a yi magani, ya warke, a dawo gida, ba a jima ba ya koma. A kwanciyarsu ta baya likitan ƙoda ya gaya musu ba ɓoye-ɓoye cewa idan abin ya ci gaba za a zare tiyon a koma inji. Tongsuk ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya. Sai da suka hau mota ya gaya wa matarsa cewa shi ba za a riƙa loda shi a bayan mota kamar buhun rogo ana kai shi gari kowane mako ba. Ranar da aka zare tiyon, a maido shi gadonsa, a buɗe masa tagar da ke kallon gona, a ƙyale shi. Buafan ta san mijinta. Mutum ne mai raha da kowa, amma bai taɓa faɗin magana irin wannan ya janye ba.

Shi ya sa ta hana kanta sukuni. Ta kai kyanwarsu gidan ƙanwarta. Ta ƙona tabarmar ɗakin. Ta daina yarda da ruwan famfo sai ta tafasa. Ta hana shi ruɓaɓɓen kifin tulu, wanda shinkafa ba ta wuce masa sai da shi, ta hana shi dakan ɗanyar gwanda. Ta kankare faratanta har suna tsattsafo da jini. Duk abin da ke gidan sai da ta tuhume shi, ban da abu ɗaya, don ba ta taɓa ɗaukar wannan abin a cikin kayan da ke yin dauɗa ba.

Yayar Tongsuk, Samli, tana da nata bayanin. Busasshiyar tsohuwa ce mai kaifin baki, ita ta rene shi bayan rasuwar uwarsu, har yau kuma kallon yaro take masa. A wurinta kurwar ƙaninta ce ta firgita tun ranar da aka huda masa ciki, take yawo ta kasa zama. Don haka duk dawowarsu daga asibiti sai ta tara dangi, a naɗe ganyen ayaba a yi hasumiya a kan faranti, a jera furanni da dafaffen ƙwai, mai kiran kurwa ya zo ya yi kira, sannan kowa ya ɗauki farin zaren auduga ya ɗaura wa mara lafiya a tsintsiyar hannu da addu'arsa. Buafan mai jinyarsa ma ba a barinta, ita ma kurwarta ta sha wahala. Ba a yanke wannan zare. Mai kiyayewa yakan bar shi har ya tsinke don kansa, Buafan kuwa tana cikin masu kiyayewa, balle yanzu da tsoro ya cika ta. Na sabuwar shekara bai tsinke ba aka ƙara wani a kai, aka kuma ƙarawa.

Kafin a gama shimfiɗa wa Tongsuk katifa a bayan mota, Samli ta iso da sandarta. Ta ce ita ta san za a rina, mai kiran da aka kawo wancan karon warin giya yake yi, wace kurwa ce za ta amsa wa mashayi? Wannan karon tsohon ƙetaren fadama za ta ɗauko. Tongsuk ya ce mata in dai kurwarsa ce, ba sai an wahalar da tsoho ba, a buɗe tulun kifi kawai, da gudu za ta dawo. Samli ta ce ya rufe mata baki. Buafan ta hau ta rungume bokitin a cinya, motar ta bi ta tsakanin gonakin da mutane ke dashen shinkafa, tasu kuwa ko ruwa ba a tare mata ba.

A sashen ƙoda suka tarar da nas Oranut, 'yar yankinsu mai magana da harshensu, wadda mutanen ƙauye ke kira likita kamar yadda suke kiran duk mai farin kaya. Ta karɓi bokitin, ta goge bakin ledar, ta zuƙi ruwan da sirinji ta raba shi a kwalabe ta aika ɗakin gwaji. Ba a jira sakamako ba aka fara zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin ledar wankin, yana shiga cikin kai tsaye. Ta ce wa Buafan sai an bar ƙwayar ta hayayyafa a kwalba kafin a san ko wace ce, da kuma maganin da yake cin ta.

Jiran nan ya fi komai cin ran Buafan. Ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gadonsa amma ba ta zama a kai. Ta je bakin matakala, ta dawo, ta taɓa goshinsa, ta sauka ta sayo kunun shinkafa, ya huce ba wanda ya sha. Tui ta yi ta bugo waya tana tambayar ko ta taho, Buafan ta ce ta zauna a bakin aikinta. Zazzaɓin ya ɗan sauka amma ruwan bai washe ba. Cikin wannan hali Tongsuk ya kira ta ya raɗa mata cewa yana da laifin da zai amsa: duk ranar da ta tafi kasuwa yakan lallaɓa gidan maƙwabci ya lashi kifin tulu. Ta yi masa faɗa har mutanen gadon kusa suna dariya, amma a ranta wani sanyi ta ji. In dai kifi ne, da sauƙi.

Da sakamako ya fito, ta tare Oranut da wannan labarin tun kafin ta buɗe baki. Oranut ta ce Baba dai ya ji kunya, amma ba kifinsa ba ne. Da daga hanji ƙwayar ta fito, da wata iri za a gani. Wannan da aka samu ƙwayar fata ce, irin wadda ke jikin kowa, har ita mai maganar, ba ta cutar da kowa muddin tana waje. Saboda haka ma masu gwaji kan yi shakka idan sun gan ta, ko daga hannun mai ɗibar ruwa ta faɗa kwalba. To amma ta tsiro a duk kwalaben, ruwan kuma cike yake da alamar jiki na faɗa da cuta, sannan ita ce dai aka gani a kwanciyar baya. Halinta shi ne son roba. In ta sami hanya ta shiga, sai ta manne a jikin tiyo ta lulluɓe kanta da yauƙi, magani ya yi ta wucewa ta kanta. An kuma gano maganin da aka fara da shi ba ya kashe ta, yau za a canja.

Buafan ta ce fatar wa? Oranut ta ce abin da take so su gano ke nan. A zuwan baya an tambaye ta yadda take aikin, ta zayyano komai daidai, aka sallame ta. Yau ba tambaya za a yi ba, gani za a yi. Ta ja ta zuwa ɗakin koyarwa, ta nuna mata famfo da tiyon gwaji, ta ce ta yi kamar tana gida.

Buafan ta ɗaura takunkumi, ta naɗe dogon hannun rigarta. Zaren ya bayyana a hannu biyu, ya yi kauri kamar igiyar ɗaure maraƙi, farinsa ya koma ruwan toka. Ta wanke tafi da baya da tsakanin yatsu, ta haura har gwiwa. Ta sa sabulu a zaren ma ta cuɗa shi da kyau, ta ɗauraye, ta matse, tana jin daɗin a ga ba ta bar komai ba. Ta tsane hannu, ta ɗauki tiyon, ta sunkuyar da hannu za ta buɗe murfin. Wani ɗigon ruwa ya fito daga zaren, ya gangaro ta gindin babban yatsa, ya tsaya a gefen murfin.

"Tsaya haka, Inna. Kada ki motsa. Dubi yatsanki."

Ta duba.

"Ai na wanke shi, likita. A gabanki na wanke shi."

"Kin wanke. Amma zare ba ya bushewa kamar fata. Yini yake yi da laima, yana shan gumi, yana goga a jikinki. Ba an ce a cire komai daga hannu ba?"

"An ce zobe da awarwaro. Wannan ba ado ba ne."

Oranut ta ce ta sani, ita ma kakarta tana ɗaura mata duk zuwanta gida, sai dai ba ta shiga aiki da shi. Ta ce ba za ta rantse cewa ta nan ƙwayar take shiga ba, amma ta kalli aikin daga farko har ƙarshe, ba ta ga wata ƙofa ba sai wannan. Ta ɗauko almakashi daga aljihu ta miƙa mata. Buafan ta mai da hannuwanta baya kamar an nuno ta da wuƙa.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce, watanni tana korar kyanwa tana ƙona tabarma, abin yana ɗaure a jikinta, kuma duk lokacin da mijinta ya warke sai masu ƙaunarsa su taru su ƙara mata wani. Ba wanda ya yi da mugunta, amma hakan bai rage wa cikin Tongsuk ciwo ko kaɗan ba.

Ta fita baranda ta zauna da allurar riga, ta shiga kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya, tunda kwancewa ba yankewa ba ce. Ƙullin sun sha ruwa sun kumbura. Ta yi da allura, ta yi da haƙori, ta tashi ta zagaya ta dawo. Fatar da ke ƙasa ta yi fari fat, ta yi laushi, da ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi. Duk ta kwance sai guda a hannun dama, wanda ta gane na Samli ne, don ita kaɗai ke ƙulli a kan ƙulli. Rana ta yi sanyi tana fama da shi. Daga ƙarshe ta koma wurin Oranut ta karɓi almakashin, ba ta yarda wani ya yanke mata ba, ta yanke da kanta. Ta dawo ta tsaya a kan mijinta tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, har ya ce ko ta zauna ko ta matsa, ta tare masa iskar fanka.

Sabon maganin ya kama. Ruwan ya riƙa washewa kaɗan-kaɗan, ciwon cikin ya lafa. Aka canja ɓangaren tiyon da ke waje, aka koya mata zuba maganin a leda don ta ƙarasa a gida. Likitan ƙoda ya ce wannan ce damar ƙarshe. Idan ƙwayar nan ta sake dawowa, to ta riga ta yi gida a cikin tiyon, ba abin da zai fitar da ita sai a fitar da shi.

Da suka iso gida, sun tarar an share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, hasumiyar ganyen ayaba ta fi ta kowane lokaci tsawo. Samli ta cika alkawari, tsohon ƙetaren fadama yana zaune da farin mayafi a kafaɗa. An dafa kaza, an turara shinkafa mai danƙo kwando-kwando. Buafan ta yi niyyar ta ja Samli gefe tun kafin a fara, amma duk inda ta bi sai ta tarar da ita cikin mutane tana ba da umarni. Aka zaunar da Buafan da Tongsuk. Tsohon ya yi kira mai tsawo da murya mai daɗi, yana lallashin kurwa ta baro daji da bakin ruwa da gadon asibiti ta dawo gida.

Samli ce ta fara, kamar kullum. Ta ɗaura wa ƙaninta, ta shafa kansa. Ta zaro wani zaren ta juyo wurin Buafan, ta kama hannun rigarta ta ja sama, sai ta ga fata tsirara.

"Ina zaren?"

"Na cire, Yaya."

"Ya tsinke dai."

"Na kwance wasu. Naki yankewa na yi."

Buafan ta yi bayani da ƙaramar murya, idonta a tabarma: ƙwayar fata, laimar zare, ɗigon ruwa, da abin da likita ya ce game da tiyon. Samli ta ce tun kakanni ake ɗaura zare ba a taɓa jin ya ba wani ciwon ciki ba. Buafan ta ce kakanni ba su da roba a ciki. Wata gwaggo ta ce to a ɗaura mana, gobe ta cire. Samli ta ce ita ba ta ɗaura addu'ar kwana ɗaya, ba kuma ta ɗaura wa mai almakashi. Duk da haka ba ta sauke zaren ba, tana riƙe da shi a miƙe, tana jira. Buafan ta san abin da ake jira. Ba a taɓa yin macen da babba ta miƙo mata zare a gaban dangin miji ta ƙi ba da hannu ba. Ta cusa hannuwanta a tsakanin cinyoyinta ta matse.

Tongsuk ne ya miƙo hannunsa na hagu wajen da yake jin muryar yayarsa.

"Yaya, ɗaura nata a nan. Kurwar tsohuwar nan ai ba ta zuwa ko'ina, kullum tana kaina tana faɗa. In kin ɗaure ni kin ɗaure ta."

Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta da suka ga fuskar Samli. Tsohon mai kira ya yi gyaran murya ya ce shi bai taɓa ganin an yi haka ba, amma bai ji an hana ba. Samli ta kama hannun ƙaninta. Sannan ta ɗaura, ƙulli a kan ƙulli, ba ta ambaci sunan Buafan a addu'ar ba. Sauran dangi suka bi sahu, kowa ya ɗaura biyu a hannun Tongsuk, har ya ce sun mai da shi akuyar kasuwa. Samli ba ta tsaya cin kaza ba, ta ɗauki sandarta ta fita.

Lokacin wankin cikin Tongsuk na rana ya yi ana tsakiyar ci. Buafan ta tashe shi, ta kai shi ɗakin tayil, ta rufe taga, ta ce ya ɗora hannuwansa a bayan kai kada ya kuskura ya sauke su sai ta gama. Ya ce ko ɓarawon shanu ba a yi masa haka. Ta ce ya yi shiru, takunkuminsa yana zamewa.

Maganin ya ƙare ruwan bai gurɓata ba. Aka yi girbi, ɗan abin da maƙwabta suka taimaka aka dasa a makare, tiyon yana nan a cikinsa. Samli ba ta sake taka matakalar gidan ba. Takan tsaya a bakin shinge ta kira ƙaninta su gaisa, in Buafan ce ta leƙo sai ta juya tana gyara zani. A ƙauye ana cewa kurwar Buafan sake take ba maɗauri, shi ya sa ta rame, shi ya sa ko babur ya wuce sai ta zabura. Ita ma ba ta musa ba, don ta fi kowa jin haka a jikinta. Da aka yi bikin ɗan ƙanwarta ta zauna can baya wajen masu wanke kwanuka, ta sulale ta dawo gida kafin a fara ɗaurin zare, ta tarar da Tongsuk a bakin taga yana tambaya ko ta taho masa da kaza.